Wasiƙa Ga Edita: A Daina Kwafar Fayil Ɗin Harhaɗa Manhaja Daga Sashe Zuwa Sashe

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina neman ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wata shawara da na karanta a shafinku na kimiyya da fasaha, inda marubucin yake koya wa matasa yadda ake raba babbar manhaja zuwa sassa. Bayaninsa ya yi ma'ana ƙwarai, har na tura wa ƙannena biyu da suke koyon wannan sana'a a nan Jidda. Sai dai a wani wuri ya ce idan mutum zai buɗe sabon sashe, ya kwafi fayil ɗin harhaɗawa na sashen da ke kusa da shi, ya canza suna, ya ci gaba da aikinsa. Wannan shawara ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ni ma haka aka koya mini, haka na yi shekaru ina yi, kuma na ga abin da ta jawo mana da idona.

Domin mai karatu da ba sana'arsa ba ce ya iya bin maganar, bari in fayyace kalmomi biyu. Rubutun da mai ƙera manhaja yake yi da hannunsa ba ya aiki a waya ko kwamfuta kai tsaye, sai an juya shi zuwa yaren na'ura, an ɗauko kayan da wasu suka riga suka rubuta an haɗa da shi, an yi masa gwaje-gwaje, sannan an ƙunshe komai wuri ɗaya. Wannan aiki shi nake kira harhaɗawa, kuma umarnin yadda za a gudanar da shi ana rubuta shi ne a wani fayil na musamman. Kayan da wasu suka rubuta kuwa ina kiran su kayan aro, domin aro ne a haƙiƙa: ba kai ka ƙera su ba, masu su suna sabunta su lokacin da suka ga dama, kuma ranar da aka gano aibi a jikinsu, a cikin gidanka za a tarar da shi. Al'adar rubuta umarnin harhaɗawa a fayil tsohuwa ce, tun daga kayan aikin harhaɗawa mai suna Make da Stuart Feldman ya ƙirƙira a Bell Labs a 1976, zuwa Ant a 2000, da Maven a 2004, sannan Gradle, wanda Google ya ɗauka a 2013 ya mai da shi kayan aikin harhaɗa manhajojin Android.

Ni ina aiki ne a wani ƙaramin kamfani da ke yi wa masu baƙala (ƙaramin kantin kayan masarufi) da gidajen abinci da shagunan turare da dabino manhajar fatura, wato rasiɗin ciniki. Da yawa daga cikin masu hulɗa da mu 'yan uwanmu Hausawa ne, wasu a nan Jidda, wasu a Makka wajen Shara Mansur da Misfala. Aikin namu kashi biyu ne: akwai ɓangaren sabar, wato kwamfutar da ke yi wa shagunan hidima daga nesa, da aka rubuta da yaren manhaja na Java ake harhaɗa shi da Maven, wanda a lokacin da nake magana yake da sassa 23, akwai kuma manhajar Android da mai shago yake riƙewa a hannu, wadda ake harhaɗa ta da Gradle. Kowane sashe yana da nasa fayil, kuma kusan dukkansu 'ya'yan kwafi ne: na biyu daga na farko, na bakwai daga na huɗu, haka nan har ƙarshe.

Ranar 4 ga Disamba 2021 zangon farko na dokar fatura ta lantarki ya fara aiki a Saudiyya, ƙarƙashin Hukumar Zakka, Haraji da Kwastam. Mun yi makonni ba mu da isasshen barci domin mu tabbatar kowace fatura da mai baƙala zai miƙa wa mai saye tana ɗauke da alamar QR da ke ƙunshe da sunan mai sayarwa, da lambar harajinsa, da lokacin ciniki, da jimillar kuɗi, da adadin harajin. Muka gama, muka yi hamdala. Ba a cika mako ba, ranar Juma'a 10 ga wata, bayan an sauko daga masallaci, sai mudir, wato shugabanmu a wurin aiki, ya kira ni ya ce in bar abin da nake yi in buɗe kwamfuta. An bayyana wani mummunan aibi a Log4j, kayan aron da dubban manhajojin Java suke amfani da shi wajen ajiye bayanin abin da ke faruwa a cikinsu. Aibin shi ne duk wanda ya iya turo wani rubutu na musamman da manhajar za ta shigar a wannan bayani, to zai iya sa sabar ta ɗauko umarni daga waje ta gudanar da shi. Sigogin Log4j 2 har zuwa 2.14.1 duk abin ya shafe su, kuma maganin a bayyane yake: a canza lambar siga zuwa 2.15.0.

Aikin da ya kamata ya zama gyaran layi ɗaya ya cinye mana yinin Juma'ar da Asabar ɗin. Lambar sigar Log4j tana rubuce a fayiloli 11, kuma ba iri ɗaya ba ce, domin a tsawon shekaru wani ya sabunta nasa sashe ya bar sauran, wani kuma ya kwafa daga tsohon da ba a sabunta ba. Mun tarar da sigogi uku daban-daban, har da wani sashe da yake kan Log4j 1, wanda masu shi suka daina kula da shi tun 2015. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya muka gyara. Kafin mu huta, sai aka gano gyaran farko bai toshe ƙofar gaba ɗaya ba, aka fitar da 2.16.0, bayansa 2.17.0, sannan 2.17.1, duk a cikin wannan wata na Disamba. Sau huɗu ke nan muna zagaye fayilolin nan, kuma a zagaye na uku ne wani abokin aikina ya lura cewa sashen da ke haɗa rahoton dare mun tsallake shi tun farko, saboda an rubuta lambar a can da wani suna dabam, binciken da muka yi bai kamo ta ba. Allah ya tsare, babu wanda ya shigo mana ta wannan ɓaraka, amma ta yi kwanaki a buɗe alhali muna gaya wa masu shaguna cewa komai ya daidaita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma a ranar ce muka san yadda gidanmu yake.

Abin da nake so marubucinku da masu karatunsa su lura da shi shi ne, illar kwafi ba ta bayyana ranar da aka yi shi. A ranar, fayiloli biyun tagwaye ne, komai yana tafiya daidai, wanda ya kwafa kuma ya tsira da rabin awa na lokacinsa. Daga nan ne kowane fayil yake kama hanyarsa, ana taɓa wannan a manta da wancan, har a wayi gari babu wanda zai iya cewa bambancin da ke tsakaninsu da gangan aka yi shi ko mantuwa ce. Misalinsa kamar mai shago ne da ya rubuta farashin shinkafa a jikin kowane buhu maimakon a allo ɗaya: ranar da farashi ya tashi, dole ya bi buhunan duka, kuma wanda ya ɓuya a lungu zai tafi a tsohon kuɗi. Masu shagunan nan sun san haka sarai tun ranar 1 ga Yuli 2020, lokacin da harajin kayan masarufi ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari, aka ga bambancin wanda manhajarsa ta ajiye wannan adadi a wuri ɗaya da wanda ta warwatsa shi. Abin mamaki shi ne mu masu rubuta manhaja muna kiyaye wannan ƙa'ida a cikin rubutun manhajar kanta, amma idan aka zo fayil ɗin harhaɗawa sai mu ɗauke shi kamar shara ce ta bayan gida da ba ta cancanci kulawa ba.

A ɓangaren Maven maganin yana nan tun da daɗewa, mu ne ba mu yi amfani da shi ba. Ana kafa fayil ɗin pom.xml, wato fayil ɗin harhaɗawa na Maven, guda ɗaya a matsayin uba, sauran sassa su gada daga gare shi. A cikin uban akwai wuri mai suna dependencyManagement, inda ake rubuta kowane kayan aro da lambar sigarsa sau ɗaya tak, sashen da ke buƙatarsa kuma ya ambaci sunansa kawai ba tare da lamba ba. Akwai irinsa na filogin-filogin, wato ƙananan kayan aikin da ake jona wa Maven, mai suna pluginManagement. A nan akwai tarkon da sababbi suke faɗawa, kuma mu ma mun taɓa shi: idan aka zuba kayan aron a ƙarƙashin dependencies na uban maimakon dependencyManagement, to an ɗora wa kowane ɗa wannan kaya ko yana so ko ba ya so, sai ka ga sashen da aikinsa lissafin haraji ne kawai yana ɗauke da kayan aika saƙo. Shi dependencyManagement yana cewa idan za ka ara, ga sigar da za ka ara. Shi kuwa dependencies yana cewa kowa ya ara. Sannan da yake kowane fayil uba ɗaya kawai yake iya samu, idan ana so a ɗauko jerin sigogi daga wurare da yawa sai a shigo da su ta hanyar abin da ake kira BOM, wanda jerin kaya ne da lambobinsu kawai. Waɗanda suke amfani da uban da Spring Boot, wani tsarin gina manhajar Java, yake bayarwa sun ga amfanin wannan tsari a Disambar nan, domin su layi ɗaya suka rubuta mai suna log4j2.version suka wuce.

Ɓangaren Gradle ne ya fi ba mu wahala, kuma a nan zan daɗe, saboda a nan ne muka yi kuskure na biyu, wanda ya fito daga kyakkyawar niyya. Bayan abin da ya faru, wani haziƙin matashi a cikinmu ya ɗauki nauyin share maimaici daga manhajar Android. Ya kwashe kusan komai daga fayilolin sassa ya tara a babban fayil na tushe, a cikin subprojects da allprojects, waɗanda suke ba tushe damar shiga kowane sashe ya tsara shi daga sama. A mako na farko abin ya burge kowa, domin fayilolin sassa sun koma layi uku ko huɗu. Amma sassan ba iri ɗaya ba ne: wasu na Android ne, wasu da yaren Kotlin zalla aka rubuta su, wasu suna da fuskar da mai shago yake gani, wasu ba su da ita. Sai babban fayil ɗin ya cika da sharuɗɗa, idan sunan sashe ya ƙare da kaza a yi masa kaza, idan ba haka ba a yi masa wancan, ban da waɗannan biyun da aka keɓe. Wata rana wata abokiyar aikinmu ta canza sunan wani sashe domin ya dace da aikinsa, sai gwaje-gwajensa suka daina gudana, kuma babu abin da ya yi ƙara, muka yi makonni ba mu sani ba. Wanda ya buɗe fayil ɗin sashen ba zai ga dalili ba, domin abin da ke juya shi yana can wani wuri da bai ambata ba. Garin neman gira muka kusa rasa ido. Masu Gradle da kansu suna gargaɗi a kan wannan salo, saboda yana ɗaure sassa da juna a ɓoye, yana kuma hana kayan aikin yin wasu dabarun da ke rage lokacin harhaɗawa.

Hanyar da muka koma, wadda nake ba matasa shawara su fara da ita, ita ce rubuta ƙananan filogin na cikin gida, kowanne yana wakiltar nau'in sashe ɗaya. Mu muna da guda huɗu: na sashen Android mai fuska, na sashen Android marar fuska, na Kotlin zalla, da na tsarin gwaji. Kowane filogin yana ɗauke da abin da duk sassan nau'insa suka yi tarayya a kai, kamar sigar Java da za a yi aiki da ita, da matakin Android da za a harhaɗa a kansa, da ƙa'idojin duba tsaftar rubutu. Shi kuma sashe, a saman fayil ɗinsa, yana faɗi da bakinsa cewa ni nau'in kaza ne, sannan ya lissafa kayan aron da suka keɓanta da shi. Bambancin wannan da na baya shi ne sashe ne yake miƙa hannu ya ɗauki abin da yake so, mai karanta fayil kuma yana ganin sunan filogin ɗin, yana iya binsa har inda aka rubuta shi. Ana iya ajiye waɗannan filogin a wata folda mai suna buildSrc, wanda Gradle yake ganewa da kansa, sai dai duk ɗan canjin da aka yi a cikinsa yana sa a ɗauki aikin gaba ɗaya a matsayin wanda sai an sake duba shi, abin da ke cin lokaci idan sassa sun yi yawa. Shi ya sa muka mai da namu wani ƙaramin aiki mai zaman kansa da ake jonawa ta includeBuild, wanda aka saba raɗa wa suna build-logic. Mai son ganin misali a aikace ya duba manhajar koyarwa ta Now in Android da Google ya buɗe wa jama'a, haka aka tsara ta.

Lambobin siga kuwa mun tara su a kundi ɗaya, fayil ɗin libs.versions.toml, wanda ya zama tabbataccen ɓangare na Gradle daga siga ta 7.4 a 2022. Adireshin rumbunan da ake ɗauko kayan aro ma mun mai da shi fayil ɗin settings, darasin da muka koya tun 2021 lokacin da kamfanin JFrog ya sanar da rufe rumbunsa na JCenter, kowa ya shiga neman inda ya rubuta sunansa domin ya koma Maven Central.

Sai dai kada wani ya ɗauka kundin siga ya gama magana. Kundin yana faɗin sigar da kai kake nema ne kawai, alhali kayan aron da ka ɗauko su ma suna da nasu kayan aron da suke jawowa a bayansu, kuma ta wannan hanya Log4j ya shiga gidaje da yawa da masu su ba su taɓa rubuta sunansa ba. Idan sigogi biyu suka yi karo, Gradle yana zaɓar mafi girma, Maven kuma yana zaɓar wadda ta fi kusa da tushen aikinka a jerin dangantaka, ko da ita ce tsohuwa. Don haka wanda yake so ya tabbatar da abin da ya shiga ƙunshinsa sai ya nemi kayan aikin su zana masa bishiyar dangantakar, da dependency:tree a Maven ko dependencyInsight a Gradle, sannan ya kafa iyaka a kan sigar da ba ya so ta shigo. Mu sai da muka yi haka muka gano cewa wani kayan buga rahoto da muka ara yana jawo tsohuwar siga ta bayan fage.

Akwai kuma abin da ban yarda a haɗe shi ba ko da ya yi kama da maimaici. Muna da manhajoji biyu a cikin aiki ɗaya, ta na'urar da ke kan kantar shago da ta wayar mai shago, kuma a wani lokaci mafi ƙarancin sigar Android da kowacce take karɓa lamba ɗaya ce. Wannan dacewa ce kawai. Na'urorin kan kantar tsofaffi ne, mai baƙala ba ya canza su sai sun mutu, wayoyi kuwa ana sabunta su a kai a kai. Da mun haɗe lambobin biyu, ranar da muka ɗaga ta waya da mun bar wasu shaguna ba su iya buga fatura. Tambayar da nake yi kafin in haɗe abu biyu ita ce ko dalili ɗaya ne zai sa su canza. Idan dalilansu daban ne, ina barinsu a rabe, in rubuta ɗan bayani a gefen kowanne. Haka nan ba na gaggawar ƙirƙirar filogin don sassa biyu sun yi kama, sai na ga na uku ya zo da buƙata iri ɗaya.

Na san abin da wasu za su ce, domin mudir ɗinmu ma ya faɗa: mai shago ba ya biyan riyal ɗaya saboda fayilolinmu sun yi kyau. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ce a dakatar da aiki a yi wata guda ana gyara ba. Mu sashe ɗaya muke ɗauka a mako. Kafin mu taɓa shi, muna fitar da cikakken tsarinsa kamar yadda kayan aikin suke ganinsa, da help:effective-pom a Maven ko jerin dangantaka a Gradle, mu ajiye. Bayan gyara mu sake fitarwa mu gwada su, kuma sharaɗin shi ne kada a ga bambanci ko na harafi ɗaya sai wanda muka yi niyya. Mun kuma haramta wa kanmu haɗa tattara sigogi da sabunta su a zama ɗaya, domin idan abu ya lalace ba za a san wanne ne sanadi ba. Lokaci ma muna zaɓa: ba ma taɓa waɗannan fayiloli a goman ƙarshe na Ramadan ko a kwanakin aikin Hajji, lokacin da shagunan Makka suke ciniki dare da rana, kuma tsayawar na'ura na minti goma asara ce ta gaske ga mai ita.

Amfanin ya fito mana a zango na biyu na dokar fatura, wanda ya fara ranar 1 ga Janairu 2023 kuma ake shigar da 'yan kasuwa cikinsa rukuni-rukuni gwargwadon cinikinsu. Mun buƙaci sababbin sassa na sa hannun lantarki da na tura fatura ga hukuma, kuma kowannensu ya tashi da fayil da bai kai layi goma ba. Haka nan ƙa'idar Google Play da ke tilasta ɗaga matakin Android da manhaja take nufa kafin ƙarshen Agusta na kowace shekara, wadda a da take sa mu zagaye fayiloli, yanzu a filogin ɗaya muke gyara ta, sauran lokacin ya tafi a gwaji a kan na'urori na gaske.

Roƙona, Malam Edita, shi ne ka isar wa marubucin shafin wannan saƙo tare da girmamawa, ko zai ƙara darasi ɗaya a jerin nasa, ya ɗauki ƙaramin aiki mai sassa uku ya nuna wa matasa yadda ake kafa uban pom.xml, da yadda ake rubuta filogin na gida guda ɗaya da kundin siga, tun kafin su saba da kwafi. Idan yana buƙatar misali, ina da wanda na shirya wa ƙannena da bayani cikin Hausa, kuma zan aiko da shi ta ofishinku idan kun ba ni izini.

Wassalam.

Naku mai karatu,
daga Jidda, Saudiyya